Kwandon Ƙarfe Uku

Ƙarfe uku na dare, Daejeon na minshari,
ni da babur ɗina muke buɗe gari.
Maeng Deok-rye nake. Shekara talatin da ɗaya
ina kai wa mutane abin gardama
kafin shinkafarsu ta huce.

A kwandona ba a faɗa.
Ta dama na kwance a kan ta hagu,
leda ɗaya ke tare musu ruwa,
igiya ɗaya ke ɗaure musu ƙugu.
Sai na jefa su bakin ƙofa
kowacce ke tuna gidan ubanta.

Hawa na tara, tsoho Pyo, ya yi soja a bakin iyaka;
jaridarsa na cewa Arewa, zai tashi ya duba sakata.
Hawa na huɗu, ƙaninsa, malamin lissafi mai ritaya,
ya sha barkonon tsohuwa a titi yana saurayi,
ya sayar da agogon aurensa
ya sa hannun jari a tasa jaridar.
Ranar da barci ya sa na musanya musu,
kowa ya riƙo ta da yatsa biyu
kamar mushen ɓera,
suka haɗu a matakala, suka miƙa wa juna,
ba ina kwana, ba yaya ƙafa.
Iyakar zumuncinsu ke nan a shekarar.

Masu jaridun? Ban taɓa ganin ƙeyarsu ba.
An ce kaka ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika,
kamar gona.
'Yar ƙaramar ta garinmu, mai gina benaye ya saye ta.
Tun ranar bango bai ƙara tsagewa a shafinta ba.
Ni kuwa na san tsagar,
a gindinta nake jingine babur.
Baki in ya ci, ido ya ji kunya.

Da ƙofa ɗari huɗu nake bi.
Yau saba'in da biyu.
Amma mota na sauke min ɗauri kamar jiya,
don adadi ya cika idon masu talla.
Ragowar, ko igiyarta ba a kwance ba,
wata motar ke kwashewa kafin hantsi.
Direban ya ce kiret ɗin ƙwai ake yi da ita.
Na yi dariya har na ƙware:
wanda aka yaba da wanda aka zaga
an jiƙa su tare, an dama,
kowa ya rungumi ƙwai talatin.

Jikata Chae-rin na aikin labarai a Seoul,
farcenta bai san tawada ba.
Kanu ashirin take rubutawa kafin azahar,
editanta lamba ce da ke hawa da sauka a allo.
Na ce, taku ta wa ce, dama ko hagu?
Ta ɗaga waya ta ce, Kaka,
duk ta wannan ƙofar muke kutsawa,
mai ƙofar kuma ba ya gaisawa.

Ni ba na karantawa, idona ya gaji.
In sanyin Janairu ya matsa
nakan cusa guda biyu cikin riga;
iska ba ta tambayar ra'ayinsu,
ƙirjina ma haka.

Makon jiya, hawa na tara,
jarida uku a ƙofa ba wanda ya ɗauka.
Na sauko na buga ta huɗu.
Malam ya hau da silifas ɗaya.

Bayan an gama makoki ya tare ni a tsakar gida,
ya kalli kwandon, ya kalli ƙasa,
ya ce, waccan ta yayana,
kar ki soke.
Ki riƙa haɗo min da tawa.
Ƙarya ce zalla, in ji shi,
amma da safe ba ni da abokin musu.